Takardar da Ban Miƙa wa Kakanku Ba

Kun taso kuna jin ana yabona a kan abin da ya faru tsakanina da kakanku Alhaji Ladan, mahaifin Innarku. Ko a wurin ɗaurin auren ɗan'uwanku Faruƙu sai da na ji wani dattijo a bayana yana ba na kusa da shi labarin, wai ga mutumin da ko surukinsa bai ɗaga wa ƙafa ba a kan gaskiya. Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da miƙa wa mutane dabino. Na daɗe ina yin kamar ban ji ba. To yanzu gwiwa ta fara ƙin hawa dakalin shago, ido kuma sai da tabarau biyu yake karanta kwali, don haka gara in faɗa muku yadda abin ya kasance tun ina iya riƙe alƙalami.

Abin ya faru ne a shekarar da manyan shagunan magani suka shigo Sakkwato. Ba irin namu ba, masu kanta ɗaya da fanka mai ƙara. Waɗannan gilashi ne daga sama har ƙasa, da na'urar sanyaya ɗaki, da ma'aikata cikin fararen riguna, kuma mai su ɗaya ne, yana da rassa a garuruwa da yawa, saboda haka yana sayen kaya da arahar da mu ko a mafarki ba mu gani. Mutum zai shiga sayen maganin ciwon kai ya ƙi fitowa don daɗin sanyi. Ba wannan ne ya fi ƙona mana rai ba. Maganar da ta fara yawo a gari ce, wai maganin ƙananan shaguna rana ta riga ta dafa shi kafin ya kai bakin mara lafiya. Ban san wanda ya fara ta ba, amma a garin da ƙarfen ƙofa yake ƙona hannu da azahar, ba a sha wahalar gaskata ta ba. A shagona na unguwar Gidan Dare sai in wuni ina kallon titi, mutanen da na san sunayen 'ya'yansu suna wucewa a kan babur, suna ɗago mini hannu da fara'a, da ledar wancan shago rataye a hannun babur ɗin.

Ƙungiyarmu ta masu shagunan magani ce ta hana mu nitsewa. A da ba mu ɗauke ta a bakin komai ba, wurin shan lemo ne da ƙorafi a kan jami'an gwamnati. Da wuta ta kama gemun kowa sai ta zama ta gaske. Aka fara haɗa odar kowa wuri ɗaya a sayo daga kamfani kai tsaye, sai ga farashinmu ya matso kusa da nasu. Aka kuma buga wani koren tambari da ake liƙawa a ƙofar shago, aka yi ta shela a rediyo cewa duk inda aka gan shi, magani na gaske ne kuma an adana shi yadda ya kamata. Don tambarin ya yi daraja sai muka ɗora wa kanmu duban juna. Duk wata ake rubuta sunayen shaguna a 'yan takardu a zuba a hula, mutum biyu-biyu su zara, su je su duba kwanan wata a kan kwalaye, su duba rajista, su duba firjin allurai da ma'aunin sanyin da ke cikinsa. In an ga gyara, a ranar za a miƙa wa mai shago takardar gargaɗi a hannunsa, shiru, ba wanda zai ji, a ba shi mako biyu. In aka dawo ya gyara, magana ta mutu. In bai gyara ba, a kai sunansa gaban taro a cire tambarinsa na wata shida. Shi kuwa mai duba da ya ɓoye abin da ya gani, ko ya danne takarda, hukuncinsa kora ce daga ƙungiya baki ɗaya. Kakanku, wanda shi ya kafa ƙungiyar tun farko, shi ne ya kawo wannan doka ta ƙarshe, ni kuma na fi kowa ɗaga hannu da aka zo amincewa da ita.

Sai kun san matsayinsa a wurina za ku gane sauran. Kakanku yana cikin na farko-farkon da suka yi karatun haɗa magani a ƙasar nan tamu. Ya yi aikin asibiti a ƙauyuka har ya yi ritaya, sannan ya buɗe shagonsa a Ƙofar Atiku. A hannunsa na koyi aiki bayan na gama makaranta, shekara biyar. A lokacin muna gardama da shi kamar sa'o'i, ya kira ni sakarai, in kawo masa littafi in nuna masa shafi, ya yi dariya ya ce to littafin ne sakarai. Ranar da ya ba ni Innarku duk wannan ya ƙare. Daga ranar na zama suruki. In na hango shi sai in cire takalmi tun daga nesa, in durƙusa, idona a ƙasa. Ban ƙara cin ko goro a gabansa ba. Maganarmu ta koma gaisuwa da amsa gaisuwa. Ba wanda ya tilasta mini, haka na tarar ana yi, kuma ina alfahari da cewa na fi sauran surukansa kunya.

A taron watan da bazara ta tsaya sosai, na sa hannu a hula na zaro takarda, na buɗe, sai ga sunan shagonsa. Ɗakin ya ɗauki dariya. Shugaban ƙungiya ya ce in mayar in sake zara, tunda abin ya zo da surukuta. Har na miƙa hannu, sai kakanku ya yi gyaran murya daga kujerar gaba.

"Ku bar shi," in ji shi. "Ni nik koya mishi duban kwali. Shi taho shi nuna min abin da yak koya."

Aka sake yin dariya. Da ina da wayo da a nan zan ce ba zan iya ba. Amma cewa a'a bayan ya yi magana, a gaban mutane, ita ma rashin kunya ce. Na maida hannuna na zauna.

Abokiyar dubana Hajiya Luba ce, mai shago a bakin kasuwa, mace mai tsare gida wadda ko ruwan shagon da take dubawa ba ta sha. Muka je da hantsi. Kakanku ya amsa gaisuwa, ya ɗauki buzunsa ya koma inuwar ƙofa ya bar mana shagon, kamar yadda aka saba. Kwalaye ƙalau, rajista kamar rubutun allo. Sai na buɗe firji. Iska mai ɗumi ta bugi fuskata, ciki wayam, ba komai sai ma'aunin sanyi a kwance. Injinsa ya ƙone, na gani daga baƙin da ya yi a baya. Hajiya Luba ce ta gano inda alluran suke. A lungun kanta akwai randa a binne cikin daro mai jiƙaƙƙen yashi, an rufe bakinta da jiƙaƙƙen buhu. A ciki ga allurar masu ciwon suga, ga wadda ake yi wa mai haihuwa don tsayar da jini, duk a nannaɗe cikin leda tsaf. Na san dabarar, shi ya koya mini. Da ita ya riƙe magani a ƙauyukan da ba su san wutar lantarki ba, kuma ta fi barin kaya a kan kanta nesa ba kusa ba. Amma randa ruwan sha take sanyayawa. Muka saka ma'auni a ciki muka jira, da muka ciro shi ya haye can sama da layin da aka yarda da shi.

Muna tsaye a haka wani magidanci ya zo sayen allurar suga ta mahaifiyarsa. Kakanku ya shigo, ya zura hannu a randa, ya goge kwalbar a gefen rigarsa, ya miƙa masa tare da addu'ar samun sauƙi. Hajiya Luba ta dube ni, ni kuma na dubi takalmina da na bari a bakin ƙofa. Bayan sun fita ta cike takardar gargaɗi, muka sa hannu mu biyu, ta ninke ta ta ba ni.

"Kai aɗ ɗan gida," ta ce a hankali. "Ka ba shi ta yadda ba za ta yi mishi ciwo ba. Ni in nim miƙa, sai ta zan kamar cin huska."

Ta yi wa kakanku sallama ta wuce wurin motarta. Na fito na durƙusa a gefen buzunsa, takardar tana aljihun gaban rigata, ina jin kaifin ninkinta a ƙirjina.

"Lahiya dai?" ya tambaye ni.

"Lahiya lau, Baba."

Wannan ita ce amsar da na bayar. Ku karanta ta da kyau, domin duk abin da ya biyo baya daga cikinta ya fito. Ba niyyar ɓoyewa na yi ba, Allah shi ne shaida. Bakina ne ya kasa. Yaya zan dubi mutumin da ya koya mini aiki ya kuma ba ni 'yarsa, in ce masa randarka ba ta isa ba, a ƙofar shagonsa, makwabta suna wucewa? Na ce wa kaina gobe zan kawo masa a gida.

Gobe ta yi na je gidan, na gaishe shi a zaure, na tarar da baƙi, na dawo da ita. Jibi na je ba baƙi, na gaishe shi, ya tambayi yara, na dawo da ita. Sai na yi abin da duk ɗan garin nan zai yi, na nemi ɗan aike. Innarku ba za ta yiwu ba, ita ce 'yar fari, ko sunanta ba ya faɗa, balle su zauna su yi maganar firji. Sai na tafi wurin Malam Dikko, amininsa, wanda ya yi mini walicci a aurena. Ko a gabansa ban iya fitar da takardar ba. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce ƙungiya ta fara matsawa a kan sanyi, da za a samu hali a duba firjin Baba da ya yi kyau. Malam Dikko mutum ne mai taushin harshe, shi ma ya rage abin da na riga na rage. Daga baya na ji abin da ya isa kunnen kakanku, wai surukinka yana gaisuwa, ya ce in Allah ya hore a taɓa firjin nan. Kakanku ya ce madalla, ya riga ya yi wa mai gyara magana, sai bayan sallah zai samu kayan. Malam Dikko ya kawo mini wannan amsa yana murmushi, ni kuma na karɓe ta kamar an gama magana, alhali na san sallah saura wata guda.

Saura kwana biyu mu koma duba na biyu Innarku ta tsinci takardar. Ina canza riga ina mayar da ita sabon aljihu kullum, ran nan na manta. Na dawo cin abincin rana na same ta zaune a bakin gado, ga kayan wanki a ƙasa, ga takarda a buɗe a cinyarta. Ta yi makaranta, ba ta bukatar a fassara mata.

"Malam, wagga takarda ta Baba ta," ta ce. "Kwana goma sha biyu tana aljihunka?"

Na fara ba ta labarin Malam Dikko. Ba ta bari na kai ƙarshe ba.

"Tashi ka kai mishi yanzu. In ba ka iyawa, ba ni, in sa mayahi in kai. Shi ƙi dubana, ai dai ya karanta."

Na karɓe takardar daga hannunta da faɗa. Na ce ba za a ce na aiki matata ta kai wa ubanta sammaci ba, kuma maganar ƙungiya ba ta mata ba ce. Ƙarya nake, ina sane, Hajiya Luba ma ai mace ce. Tsoro ne kawai ya koma fushi. A lokacin na riga na gane cewa ko na kai, ranar da aka rubuta a kai za ta tona ni. Na ce mata zan san yadda zan yi. Ban ci abincin ba, ita ma ba ta ce in ci ba.

Ranar komawa na yi ta addu'ar Allah ya sa mai gyara ya zo da wuri. Muka shiga, firji yana nan yadda muka bar shi, randa tana lungunta, an sake jiƙa buhun da safen nan. Hajiya Luba ta fita wurinsa ta rusuna ta ce, Alhaji, mako biyu sun cika, ba a yi abin da takarda ta ce ba.

"Wace takarda?" in ji shi.

Ta juyo ta dube ni. Shi ma ya juyo. Bai daɗe yana kallona ba, amma mutumin da ya shekara biyar yana karanta fuskata ba ya bukatar lokaci. Ya mayar da kansa ga Hajiya Luba ya ce tsufa ne, ta rubuta abin da ta gani. Ta rubuta. Da za ta sauke ni daga motarta ta ce ita za ta karanta rahoto ranar Asabar kamar yadda doka ta ce, in shugaba ya tambaya ko an miƙa takarda, ni zan amsa, don ba a gabanta aka yi ba.

Kwana uku ne tsakani, kuma ban taɓa ganin kwanaki masu tsawo irinsu ba. Na san abin da kora take nufi. Ba odar haɗin gwiwa, ba tambari, ga katafaren shago mai gilashi a kan titin da ke bayana. Wata uku ba zan kai ba. Ku huɗu ne a lokacin, Innarku kuma tana da cikin Nana. Duk da haka na yanke cewa zan tashi in faɗi gaskiya, na kuma gaya wa Innarku. Ta ce Allah ya ba ni iko.

Asabar bayan la'asar ɗakin taro ya cika har ƙofa, don magana ta riga ta fita. Hajiya Luba ta karanta rahoto muryarta ba rawa. Shugaba ya cire hula ya share kai ya mayar, sannan ya yi tambayar da doka ta ce a yi, shin an miƙa wa mai shago takardar gargaɗi a hannunsa ranar duban farko? Na miƙe. Na buɗe baki na ce, ranka ya daɗe, gaskiyar magana. Iyakar abin da na faɗa ke nan.

"Zamna," in ji kakanku, bai ko waiwayo ba. "Ya ba ni ita tun ranar. Ni nis sa ta ƙarƙashin littahi nim mance. Laihina na. Doka kau ni nik kawo ta, ku bi ta."

Ina tsaye. Takardar tana aljihuna a wannan lokacin ma, hannu kawai zan sa in ɗaga ta sama kowa ya gani. Hajiya Luba tana kallona, na san ta sani. Na tuna shagona, na tuna ku, na kuma ce wa kaina ai ƙaryata suruki a bainar jama'a ya fi komai muni. Wannan dalili na ƙarshe shi na riƙe, don ya fi sauran kyan gani. Na zauna.

Washegari da kansa ya kankare tambarin daga ƙofarsa da reza, bai jira an aiko ba. Ya kwashe abin da ke cikin randa ya kai ofishin ƙungiya aka lalata. Amma garin nan kun san shi. Kafin mako ya zagayo labari ya zama wai an kama Alhaji Ladan yana sayar da ruɓaɓɓen magani, an yi masa gargaɗi ya yi kunnen ƙashi. Mutanen da ya yi wa hidima shekaru suka koma shagon gilashi. Da wata shidan suka cika ƙungiya ta kawo masa sabon firji mai aiki da hasken rana daga cikin waɗanda ta fara samo wa mambobi, ya yi godiya ya ce a ba wani mai sauran ƙarfi. Kafin damina ta biyu ya rufe shagon. Ni kuwa sunana ya tashi. Tambarin ya ƙara daraja, ana cewa ƙungiyar da ba ta bar wanda ya kafa ta ba, ba za ta bar kowa ba. Da aka zo zaɓe aka ba ni shugabanci ba hamayya, Hajiya Luba kaɗai ce ba ta ɗaga hannu ba. Na karɓa, na yi shekara takwas a kujerar.

Sau ɗaya muka yi maganar da shi. Bayan ya rufe shago da 'yan kwanaki ya aiko in zo. Na same shi shi kaɗai a zaure da hantsi, na durƙusa a inda na saba, kusa da ƙofa.

"Umaru," ya ce. Rabon da in ji sunana a bakinsa tun kafin aurena. "Matso. Ɗaga kanka ka dube ni."

Na ɗaga da ƙyar. Na fara ba shi haƙuri a kan shagon, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce shago ba komai ba ne, dama ya kusa ajiye shi. Ya ce ƙaryar da ya yi a gaban jama'a don jikokinsa ya yi ta, tsakaninsa da Ubangijinsa ne, yana nan yana neman gafara, kada in ɗauke ta a kaina. Sannan ya jawo tsohuwar rajistarsa daga ƙarƙashin buzu, ya buɗe inda ya sa alama, ya juyo da ita wajena. Sunayen waɗanda suka sayi allura daga randar ne a cikin mako biyun nan, ya ja layi a ƙarƙashin kowane ɗaya. Ya ce ya bi su gida-gida, wasu ya same su lafiya, wasu sun tashi daga unguwar, wata mai jego kuma an ce masa ta rasu a ƙauye, ba wanda ya san ko allurar ce ko kwananta ne ya ƙare.

"Da ka buɗe baki ka ce min randa ba ta isa ba, da na hwasa ta da hannuna tun ranar," ya ce. "Kunyata kaj ji. Su hwa, wa yaj ji tasu?"

Na mayar da idona ƙasa. Ya rufe rajistar ya tambaye ni lafiyar yara, na ce lafiya lau, na tashi na ɗauki takalmina. Ya rayu shekara huɗu bayan haka, ina zuwa gaishe shi duk Juma'a, bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban samu amsar ba.

Innarku ta sani tun farko, ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ba ta kuma taɓa taya ni murna a kan shugabancin nan ba. Yanzu ku ma kun sani. Duk wanda ya ƙara ce muku kakanku an yi masa gargaɗi ya ƙi ji, ku gaya masa takardar ba ta taɓa kaiwa hannunsa ba, ubanku ne ya riƙe ta.